Kwana Ukun da Baba Ya Roƙa da Turanci

Jiya 'yata ta tsaya a bakin ƙofar ɗakina ta rangaɗa, "May I come in?" kamar ba gidan ubanta ba. Na yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don muryarta ta mayar da ni gidan hayarmu na Kwamba, wata damina da nake aji huɗu a firamare.

Baba direba ne a wani ofis a Abuja. A daminar nan aka aiko daga Lambata cewa Kaka, mahaifiyarsa, ta kwanta ciwo, kuma shi take ta kira. Kwana uku kawai yake bukata. Sau biyu cikin kwana tara yana shiga wurin shugabarsa, wata mata 'yar Kudu, ya gaishe ta, ya tambayi gida, ya tambayi yara, sannan ya sunkuyar da kai ya ce tsohuwarsa ba ta jin daɗi. A wurin Baba ya gama roƙo ke nan, saura babba ya ce tashi ka je ka dubo ta. Ita kuwa sai ta yi masa sannu, ta miƙa masa makullin mota. Ya dawo gida yana cewa matar nan ba ta da imani.

Maƙwabciyarmu ce ta gano bakin zaren. Malamar makaranta ce daga Filato, igiyar shanya ɗaya muke yi da ita. Ranar Lahadi da la'asar, ruwa ya ɗauke, tana gasa masara a murhun gawayi, ta ji Baba yana mayar wa Inna da zancen. Ta ce masa ai bai roƙa ba, labari ya bayar. Baba ya ce shi da furfurarsa ba zai buɗe baki ya ce a ba shi ba, wannan ai rashin kunya ne.

Malama ta ce akwai yadda ake yi ba kunya ba raini. Ta sa shi ya maimaita, "Could I have three days, please?" Ni da ba na iya ganin abu in ƙyale, na tambaye ta me ya sa a makaranta "can" aka koya mana. Ta ce Bature ba ya durƙusawa, ba ya cire takalmi, sai ya zuba ladabinsa a cikin 'yan kalmomin nan. Mai cewa "can" a tsaye yake, mai cewa "could" ya ɗan rusuna, mai "may" kuwa yana bakin ƙofa yana jiran izini. Abin ya ɗaure mini kai, har na riƙa kallon bakin Baba ko zan ga rusunawar.

Baba ya yi ta fama, Inna tana ƙunshe dariya da gefen zaninta. Can sai ya ce, "Malama, in ta ce a'a fa?"

"To ka san inda ka tsaya, Baba. Yanzu ko sanin kana jira ba ta yi ba."

Sai da na girma na gane abin da yake tsoro. Roƙo irin nasa yana rufa wa kowa asiri, ba wanda ya tambaya, ba wanda ya hana.

Washegari kafin azahar sai ga Baba a tsakar gida, abin da ban taɓa gani ba ranar aiki. Matar ta ba shi mako guda, har da faɗa, wai me ya sa bai faɗa tuntuni ba. Muka hau mota sai Lambata. Kaka ta gane shi, ta riƙe hannunsa, ta yi masa tsiya wai Abuja ta ramar da shi. A rana ta huɗu Allah ya karɓi abinsa. Baba bai ƙara cewa matar ba ta da imani ba, amma har ya bar duniya yana ambaton kwana taran da ya yi yana gaisuwa.

Yau ni ce shugaba a bayan tebur. Yara masu tasowa suna turo mini "could you kindly" a waya, ko sallama babu, kuma har yanzu ban yanke hukuncin wa ya fi wani ladabi ba. Makon jiya tsohon mai gadinmu ya daɗe a ƙofata yana gaisuwa, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, sannan ya ce zazzaɓi ya kayar da mai ɗakinsa. Na ajiye biro na ce, "Baba, tashi ka je ka dubo ta."