Ƙofofi Huɗu na Sarewar Kawu

A shekarata ta biyu a kwaleji na ɗauki darasin kiɗa, don na ji an ce yawancinsa karatun littafi ne. Muna zaune a Bodinga lokacin, kullum sai in shiga mota in je makaranta in dawo. Malamin darasin mutum ne mai haƙuri, amma shi kaɗai ne, ba zai iya zama ya saurari kowa ba. Sai ya sa muka sauke wata manhaja a wayoyinmu. Kowane mako mutum zai busa abin da aka ba shi, wayar ta naɗa, ta ja layi a kan allo. Inda sautin ya dace da ma'auninta layin ya yi kore, inda ya kauce ya yi ja. Wannan layin malam ke dubawa, da shi kuma zai ba da maki a ƙarshen zango.

'Yan ajin duk sarewar roba suka saya. Ni ina da tawa ta gora. Ta kawuna ce, yayan mahaifiyata, wanda ke kiwo a wajen Horo Birni ta ƙasar Shagari. Ya ba ni ita a shekarar da hannunsa ya fara rawa, ya daina iya rufe ƙofofinta. Ƙofofi huɗu gare ta. Masu yin irinta ba sa aunawa da komai sai yatsunsu: mutum ya riƙe goran yadda zai busa, inda kowane yatsa ya sauka nan zai ɗora ƙusa mai zafi. Shi ya sa ba a samun biyu masu murya ɗaya, shanun mutum kuma sun san ta ubangidansu.

Makon farko layina ja ne daga farko har ƙarshe. Na biyu ma haka. Na sami littafi na riƙa rubuta kowace ƙofa da yadda ta kauce, sai na gane ba numfashina ba ne. Ƙofa biyu suna faɗawa ƙasa da abin da wayar ke so, kullum daidai wurin. Na tsaya bayan darasi, da ƙyar na iya faɗa wa malam. Ya saurari busata, ya ce tana da daɗi, har ya rufe ido. Sannan ya ce manhajar da sautin fiyano aka gina ta, ba shi da ikon canza ta, kuma wanda layinsa ya yi ja ba ya cin darasin. Ya ba ni shawara in sayi ta roba.

Ban saya ba. Na ga kamar cin amana ne in ajiye ta kawu. Abin da na yi ya fi haka muni, amma a lokacin dabara na ɗauke shi. Na karanta cewa idan aka faɗaɗa ƙofa sautin yana hawa. Wata Asabar da hantsi na sa ƙusa a garwashin murhu, na jingina waya da bango, ina ƙonawa kaɗan, ina busawa, ina duba allo. Kafin azahar ƙofofin biyu sun yi kore. Na koma cikin manhajar na goge duk naɗe-naɗen makonnin baya, don ba na son malam ya buɗe shafina ya tarar da ja.

Na ci darasin.

Da aka yi hutu bayan girbi na je Horo Birni. Na tarar da kawu zaune ƙarƙashin gawo, shanu na kiwo a cikin karan gonar da aka cire. Bayan gaisuwa ya ce, "Ɗan boko, ina abata? Busa muna mu ji ko birni ya cinye maka huhu."

Na busa kiran da yake yi wa shanun da yamma. Ko saniya ɗaya ba ta ɗaga kai ba. Ya miƙo hannu na ba shi. Bai duba ba, da babban yatsa ya bi ƙofofin, ya tsaya a ta biyu.

"Mi kay yi mata?"

Na yi masa bayanin wayar da layinta, kaina a ƙasa.

"Ita wagga waya taka, shanu nawa gare ta?"

"Ba ta da ko ɗaya, Kawu."

"To, ta samu sarewa."

Ya yi 'yar dariya, ya mayar mini. Bai yi faɗa ba, da ya yi da na fi samun sauƙi.

Na gwada cike bakin ƙofofin da kakin zuma. Sautin ya sauka, amma ba inda yake da ba, kuma rana na yi kakin ya narke. Na sari sabon gora na kawo masa, na ce ya riƙe in yi alama a inda yatsunsa suka sauka. Ya yi ƙoƙari sau uku. Yatsun ba sa tsayawa wuri ɗaya. Ya ce in auna da nawa, haka ake yi. Na auna. Nawa sirara ne, na riƙon biro, abin da ya fito wata murya ce dabam wadda ba wanda ya sani.

A motar komawa Bodinga na tuna cewa wayar ta taɓa naɗar muryar sarewar kafin in ƙona ta, duk waɗancan makonni na ja. Na buɗe manhajar na bincika ko'ina. Da aka koma makaranta na tambayi malam ko akwai kwafi a wurinsa. Ya duba kwamfutarsa, ya ce abin da ɗalibi ya goge ya tafi. Ya juyo mini da allon in ga shafina, kore daga sama har ƙasa, ya ce yana nuna wa sababbin ɗalibai shi.

Sarewar tana cikin akwatin littattafaina. Duk lokacin da na je Horo Birni kawu ba ya tambayarta.