Muryata, Fuskar Taubashina

Shekara da shekaru, duk ranar da aka gama tsintar auduga a ƙauyenmu, ni ake kira bayan la'asar in tsaya a filin makaranta in yi wasan Alhajin Baɗi. Ni na ƙaga shi da kaina, duk da ban wuce aji uku ba. Labarin dattijo ne da ya taso daga Sakkwato a ƙafa zai tafi Makka, ya iso nan Jazira ta ƙasar Sudan ya ce bari ya yi damina ɗaya, har ya aurar da jikoki bai motsa ba. Ni kaɗai nake yi, da sandata. In na ɗan zuba sai in tsaya, jama'a su ɗauka gaba ɗaya, "Sai yaushe, Alhaji?" In ce, "Baɗi, in Allah ya so." Sannan in ɗora.

Wata rana jikata ta dawo daga Madani, inda ta koyo haɗa fim, ta kafa kamara mai ƙafa uku a tsakar gida.

"Tsoho, yau za ka shiga allo. Amma ban da ihu, ban da wurga hannu, za ka fice daga hoto."

"Ke, tun ba a haifi uwarki ba nake wannan aiki."

Na fara da kyau. Na zo wurin tsayawa, na tsaya. Shiru. Babu mai tambayata sai yaushe, akuya ce kawai take kallona. Sauran maganar ta gudu daga kaina. Sau uku muna sakewa.

Ana haka sai ga taubashina ya dawo daga ban ruwa a hawasharsa, wato gonarsa ta auduga, laka har gwiwa. Mutum ne da a shekara sittin ban ji ya faɗi abin da za a maimaita ba. Jikata ta zaunar da shi a kan gadon igiya, ta miƙa masa jabana, butar gahawa, ta ce ya dube ni kawai, in na tsaya ya yi tambayar.

Na ce, "Zamna, bawana, yau ka samu aikin da ka iya."

Ya ce, "In dai da gahawa, yi ta surutunka har Makka ta taso ta ishe ka."

Gaskiya aikin ya tafi daidai. Sai da aka nuna shi a talabijin ɗin nadi, zauren taron ƙauye, na gane abin da aka yi mini. Muryata ce daga farko har ƙarshe, amma rabin lokaci fuskarsa ce ta cika allo. Wurin da Alhaji yake tuna mahaifiyarsa da ya baro a ƙofar gida tana cewa kada ya daɗe, wurin da na fi ƙauna, ko hulata ba a gani. Taubashina aka nuna yana sauke finjali a hankali, idonsa ya kawo ruwa. Mata suka hau sharar hawaye. Ni na san citta ce ta yi yawa a gahawar, ina wurin.

Na tsare jikata a waje. Ta ce, "A fili kana da jama'a, su suke gaya wa juna inda za a yi kuka. A allo shi ne jama'arka."

"To a sa ni in saurari kaina mana!"

Dariya ta yi, ta tafi.

Ranar kasuwa a Sinnar, muna tafe tare, wani mai shayi ya ƙwala, "Alhajin Baɗi!" Na gyara rawani na juya. Ashe da shi ake. Ya karɓi gaisuwar, ya sha shayin.

Da auduga ta sake nuna, dattawa suka zo suka ce in yi wasan kamar kullum, amma a sa masa gado a gefena. Kwana biyu ina ƙi. Da na ji ana raɗe-raɗin za a kawo talabijin filin a maimakona, na yarda, bisa sharaɗi ɗaya: ya juya wa jama'a baya. Ya ce hakan ma ya fi masa, rana ba za ta dame shi ba.

Na yi wasan da duk ƙarfina. Da na iso wurin mahaifiyar nan, na sassauta murya, na dubi jama'a. Ba wanda yake kallona. Kafaɗun mutumin nan ne suka ɗan sauka, ya sunkuyar da kai, mata suka fashe da kuka suna kallon ƙeyarsa.