Jirgi na Farko

Har yau idan cokali ya bugi kofin shayi nakan ɗaga kai. Irin ƙarar da munduwar Kaka take yi ke nan idan ta taɓa bakin faranti: ƙil, sau ɗaya, sai shiru. Munduwar tagulla ce murɗaɗɗiya, guda ɗaya tak a hannunta na hagu. 'Yar'uwar munduwar tana hannun ƙanwarta, wadda babu wanda ya taɓa gani a cikinmu.

A unguwar Mansur da ke Makka na tashi, a hawa na uku, saman shagon wani mai tsire. Mu yara Larabci ya fi zama a bakinmu, muna ce mata Sitti, ita kuwa sai ta yi kamar ba ta ji ba har sai mun ce Kaka. Kaɗan muka sani game da zuwanta. Daga Kano suka taso a ƙasa, ita da mijinta da ƙanwarta, suka yi shekaru a gonakin auduga na Sudan, sannan suka tsallako Bahar Maliya a jiragen katako guda biyu, irin waɗanda take kira sambuk. Na biyu ya iso gaɓa da ita da mijinta. Na farko, mai ɗauke da ƙanwarta, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Kaka ba ta taɓa cewa ya nutse ba. "Ya sauka wani wuri," haka take faɗa. Ba a soya kifi a gidanmu. Idan Baba ya kwashe mu zuwa bakin teku a Jidda, ita takan zauna a gida tana ninke kayan da aka riga aka ninke.

Duk shekara lokacin Hajji takan bi maƙwabtanmu masu sayar da kunu zuwa Mina. Ba kunun ne ya dame ta ba. A kwanakin nan matan duniya suke wucewa fuska da hannu a buɗe, shi ya sa take zama a bakin hanya tana kallo. Da idonta ya fara hazo, sai ta ɗauke ni. Shekarata tara.

"Ki fara duba hannun hagu," ta ce. "Sannan fuska. Tana da wushirya, da zane uku a gefen baki."

Duk tsohuwar da ta tsaya sayen kunu da Hausa sai ta tambaye ta, "Baiwar Allah, a wane jirgi kika zo?" Su ce jirgin sama mana, Hajiya. Yayyena maza sukan tsokane ta a gida, wai Kaka sambuk ya yi ritaya tun kafin a haifi Baba. Sai ta ce, "Ja'irai, ku da ba ku taɓa ganin ruwan da ya fi na tanki ba."

Rana ta biyu ta jifan Shaiɗan ce. Kwalta tana ƙona ni ta cikin silifas, fararen tantuna suna rawa a idona don zafi. Tun safe take tambayata, kin gan ta? Kin gan ta? Na gaji, ina son in zauna a inuwa. Sai na miƙa hannu cikin taro, ban nuna kowa ba, na ce, "Ga ta can."

Ludayin kunu ya faɗi daga hannun Kaka. Matar da sai an kama ta take hawa bene ta miƙe ta kutsa cikin mutane, tana kiran wani suna da ban taɓa jin ta faɗa da ƙarfi ba. Na bi ta ina kuka, na tsinci takalminta ɗaya a hanya. Can na same ta riƙe da wuyan hannun wata tsohuwa da ba ta jin Hausa, tana lalubar munduwar shaida irin wadda ake saka wa alhazai. A hankali ta saki hannun.

"Ba ita ba ce," ta ce. Ta juyo tana haki. "Amma ke kin gan ta ko? Wucewa ta yi?"

Na ce eh.

"To tana nan," ta ce, ta yi murmushin da ban taɓa gani a fuskarta ba.

Shekara huɗu ta ƙara a duniya, kuma duk baƙon da ya shigo sai ta faɗa masa jikarta ta gan ta. Sau da yawa nakan zauna kusa da ita da niyyar in faɗi gaskiya, sai ta shafa kaina, in fasa. Da ciwon ajali ya kama ta, ni ta zare wa munduwar. Wai ni ce na san fuskar ƙanwarta.

A jami'a, a darasin fassara, na gamu da kalmar Helenanci, wato yaren Girka, da aka yi amfani da ita a Linjila da ma'anar jirgi, ploion. Da ita ake kiran kwalekwalen masunta a tafki, da ita ake kiran ƙaton jirgin hatsi. Asalinta abin da ke tafiya a kan ruwa, ke nan. Na daɗe ina kallonta a kan takarda. Haka jirgin nan yake a gidanmu, ba mu san girmansa ba, ba mu san launinsa ba, tafiya kawai yake yi.

Yanzu Mina ta zama ta shinge da takardar izini, babu mai zama da tukunyar kunu. Munduwar tana hannuna, kuma idan na shiga Harami har yanzu hannun hagu nake fara dubawa.

Bara na je unguwar Ka'akiyya gaishe da wata tsohuwa da suka tsallako tare da Kaka. Ta ga munduwar, ta riƙe hannuna. Sannan ta faɗa mini cewa a jirgi na farko aka fara zaunar da Kaka. An shafe katakonsa da sabon man kifi, warin ya yi ta sa ta amai, sai ta roƙi ƙanwarta su yi musayar wuri. A lokacin Kaka tana da cikin Baba, wata uku.