Kiɗan da ya bi ni har gaban lasifika

Shekarun baya, lokacin ina ɗinki a wata rumfa a bakin kasuwar Ajingi, wani kiɗa ya kusa raba ni da ladanci. Yanzu in na ba da labarin dariya ake yi, amma a lokacin ko tuwo ba na iya ci.

Ni ne ladanin ƙaramin masallacin unguwarmu. Mahaifina na gada, bayan tari ya cinye masa murya. Karatuna bai wuce firamare da allo ba, kuma tun tasowata ni mutum ne mai yawan kokwanto. Sai in yi alwala sau uku don ban tabbata ruwa ya taɓa dunduniyata ba.

Jikin rumfata akwai ta abokina mai cajin waya, fallen kwanon rufi ɗaya ne ya raba mu. Da ya sa sola sai ya sayo talabijin, ya riƙa kunna wa masu jiran caji wani wasan kwaikwayo mai dogon zango. Taken shirin waƙar rawa ce, kiɗan fiyano mai sauri da ganga tana duka a ƙasa. Da ita ake buɗewa, da ita ake rufewa, in ya ƙare kuma abokina ya sa na gaba. Ni ban taɓa leƙawa na kalla ba, Allah shi ne shaida. Amma kunne ba shi da murfi, ga shi keken ɗinkina na ƙafa ne. Ban ankara ba, ashe takun keken ya koma daidai da gangar.

Wata rana abokina ya leƙo ya ce, "Ladan, ka ga ƙafarka kuwa? Wallahi ka fi 'yan cikin talabijin ɗin iyawa."

Na ce, "A'uzubillahi, ɗinki nake yi."

Ya ce, "Ai keken a tsaye yake, mutumina."

Na duba. Keken a tsaye yake, ƙafata ce kaɗai take aiki.

Daga nan abin ya bi ni cikin salla. Da na yi kabbara sai gangar ta taso can cikin kaina. In na zauna tahiya sai in rasa gane yatsana tahiya yake yi ko kiɗa yake bi. In an sallame sai in ɓuya bayan ɗaki in sake, wani lokaci har sau biyu. Na cusa auduga a kunne, na roƙi abokina ya rage muryar talabijin, ya rage. Duk a banza, kiɗan ya riga ya tare a ciki.

Ranar da abin ya kai maƙura, La'asar ce. Na tsaya gaban lasifika, na toshe kunne, na fara kiran salla. Ina tsakiya sai na ji babban yatsan ƙafata ta dama yana dukan tabarma. Na ƙarasa dai, gumi ya jiƙa mini riga. Ina fitowa sai wani dattijo mai sayar da goro ya riƙe hannuna.

Ya ce, "Ladan, yau kiran nan ya yi zaƙi! Har tsohuwata ta ce ko baƙo muka yi."

Shi yabo ya yi. Ni kuwa ji na yi kamar an watsa mini ruwan randa. Na ce shi ke nan, waƙar ta fito ta bakina. Na kira sunan Ubangiji da muryar rawa, a lasifika, duk unguwa ta ji, har masu fitowa daga gona. Na shiga lissafin mutanen da suka amsa kiran, ina tunanin ko alhakinsu duka yana wuyana. Na ce in na mutu a haka, me zan faɗa? Ko mota ta yi ƙara a titi sai in zabura, in ɗauka tawa ce ta zo.

Sai na yi abin da ya fi muni. Na ɗaura mayafi a wuya na ce mura ce ta shaƙe ni. Wani maƙwabcinmu ya karɓi kiran. Yanzu tsoron ya zama biyu, ga na kiɗa, ga na ƙarya. Kwana tara ina shan citta da kanumfari a gaban mutane, ina magana ƙasa-ƙasa. A kwana na taran liman ya ce mini, cikin mutunci, in har Juma'a muryar ba ta dawo ba, sai dai a tabbatar wa maƙwabcin namu da ladancin.

Washegari da hantsi mahaifina yana ɓarar gyaɗa a zaure, na zo wucewa ya ce in zauna.

Ya ce, "Wace irin mura ce wannan, wadda ba ta hana ka yi wa awaki tsawa?"

Na sunkuyar da kai. Na faɗa masa komai, har da zancen yatsan ƙafa. Ina jiran ya ce na zubar masa da mutuncin gida.

Ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa. Can ya ce, "Tashi ka fuskanci gabas. Kira mini a hankali, yadda ka yi rannan."

Na ce, "Baba, ina tsoro."

Ya ce, "Ni da na koya maka, ni zan ji in an yi masa gauraye. Kira."

Na kira, a ƙasa-ƙasa. Ya rufe ido har na gama.

Ya ce, "Wannan kirana ne, babu abin da ya shiga cikinsa. Sauri kawai ka ƙara, ka rage shi. Kai kana tsammani a kanka aka fara? Akwai wata gayya da muka yi a Gafasa ina saurayi, gangar noman da aka kaɗa ranar ta bi ni shekara da shekaru. Tana kaina, ina kiran salla. Da na tsaya jiran ta tafi, da unguwar nan ba ta taɓa jin muryata ba. Abin da ya zo maka ba da gayyata ba, ba naka ba ne. Ƙaryar murar ce taka, ita za ka je ka gyara."

Wannan ya fi mini komai wuya. Na je na sami liman a ƙofar gidansa, na kwance mayafin a gabansa, na faɗa masa gaskiya. Ya ce in nemi gafarar Allah, kuma kar in makara kiran Azahar.

An daɗe da daina wannan shirin, abokina ma ya koma Gaya da sana'arsa. Mahaifina ya rasu, Allah ya jiƙansa. Kokwanton bai bar ni ba, har gobe ina duba dunduniyata in na yi alwala, kuma in wayar wani ta yi wannan kiɗan a mota sai na ji faɗuwar gaba. Abin da na gane shi ne, tsoron laifin da ban yi ba shi ya kai ni ga wanda na yi da gangan.

Har yau in na tsaya gaban lasifika, wani lokaci yatsan nan yakan motsa. Sai in ɗora masa ɗaya ƙafar in danne, in ja numfashi, in kira a hankali yadda Baba ya ce.