Akwatin da na zaɓa wa Yaya

Sana'ata gwanjo ce. Shekarun baya na fara haɗawa da kayan wasan Turawa, irin masu zuwa a kwali da allo da katuna. Wanda ke turo min su ya nuna min a waya cewa masu wasan suna ba kowane wasa maki, daga ɗaya zuwa biyar, gwargwadon nauyinsa, wato wahalarsa. Na riƙe wannan. Ni ɗan kasuwa ne, abin da ya fi nauyi shi nake ɗauka ya fi kyau.

Ana cikin haka ne yayana ya samu shanyewar ɓarin jiki. Malamin makaranta ne da ya yi ritaya, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Bakinsa ya dawo, hannun dama bai dawo ba. Likita ya ce a riƙa ba ƙwaƙwalwarsa aiki. Sai na shiga shago na zaɓo wasan da ya fi kowanne maki, littafin dokokinsa kaɗai ya kai kaurin yatsa, na kai masa gida a Ƙofar Durbi.

Sati biyu muna fama bayan La'asar a zaure. Wannan katin ba a ajiye shi sai an biya wancan, wancan kuma yana da sharaɗi uku. Yaya ya riƙe doka ta biyar, ta biyu ta kufce masa. Ni kuma ina ta gyara masa, ina ganin taimako nake yi. Ranar ƙarshe ya ture allon da hannun hagu.

"Kwashe kayanka," ya ce. "Kaina ya tafi. Na gane."

Daga ranar ya daina fita majalisar ƙofar gida. Abokansa su yi sallama, ya ce a ce yana barci. Wannan ya fi tayar min da hankali a kan hannun.

Matarsa ce ta tare ni a tsakar gida. "Alhaji, kai kanka ba ka buɗe littafin nan kana dubawa? To shi me ya sa za a ce ya haddace?" Ta ƙara da cewa, "Kana ƙarami ba ka sani ba. Da, a unguwar nan babu mai cin yayanka a dara."

Ni dara wasan marasa aikin yi na ɗauke ta. Amma washegari na sa aka zubo yashi a zaure, na tona ramuka talatin, na karyo kara sha biyu, na tsinto tsakuwa sha biyu.

"Yaya, koya min."

Ya harare ni. "Kai da akwatin Turawa?"

"Ya fi ƙarfina."

Bai yi minti biyu ba ya gama gaya min dokokin. A zuba ɗaya bayan ɗaya, a matsa rami ɗaya, wanda ya jera uku ya ɗauke na abokinsa. Na ce a raina, wannan ai ko rabin maki ba zai samu ba.

Ya cinye ni sau huɗu a jere. A na biyar na ga ya ajiye kara a wani lungu da ba shi da amfani, har tausayinsa ya kama ni. Can wasa ya yi nisa, sai ga karan nan ya toshe min hanyar da nake ta shiryawa.

"Tun yaushe ka san nan zan bi?"

"Tun da ka zauna. Kai ɗan kasuwa ne, duk inda ka hango na ci sai ka ruga."

Sai ya ƙura wa yashin ido. Na ga shi ma ya ji abin da ya faɗa.

Makin nan bai yi min ƙarya ba, ni ne ban tambayi me yake aunawa ba. Yawancin nauyin akwatina na hadda ne, kuma haddar ce ciwon ya taɓa. Hangen gaba yana nan yadda Allah Ya ba shi. Na kusa sa mutum ya binne kansa da rai saboda lamba, ba don Allah Ya sa matarsa ta fi ni sanin kayan ba.

Ranar Juma'a ya ce in kama shi mu fita waje.

"Ɗebo yashin," ya ce. "Ka gaya wa tsofaffin can su zo. Kai wasa da kai ɓata lokaci ne."