Ƙofa Mai Launin Kabewa

Athol Direen mutum ne da idan ka miƙa masa gatari zai gode maka, idan kuwa buroshin fenti ka miƙa masa, to ka ɗaure masa hannu. A garin Cygnet aka haife shi, can kudancin duniya, cikin gonar tuffa. Da kasuwar tuffa ta mutu aka tumɓuke itatuwa, sai ya koma tuƙa motar katako, har ranar da bayansa ya ce ya gaji. Duk tsawon rayuwar nan bai taɓa yarda cewa shuɗi ya wuce iri ɗaya ba. Matarsa Merle ce mai ido.

A gidansu ba a duba kalanda don sanin shigowar kaka. Da zarar watan Maris ya raba, wanda a can shi ne ƙarshen lokacin zafi, iska ta fara sanyi, ganyen kabewa ya fara yaushi a lambu, sai Merle ta fito da wuƙa. Ta yanko kabewoyinta masu bayan toka-toka mai ɗan shuɗi, ta bar wa kowace dogon kara don kada ta ruɓe, Athol ya hau tsani ya jera su a kan rufin kwanon ɗakin ajiya su sha rana. A makon nan take sauke fararen labule ta rataya masu kauri, ta canza hotunan zane da ke bangon falo. Ita ke zana su da hannunta, kuma yawancinsu kabewa ce, abin da Athol bai daina yi mata tsiya a kai ba.

"Mata na zana furanni, ke kina zana miya."

"Kai dai ci naka ne, Baban Bronwyn. Kallo kuwa bar wa masu ido."

Aikin ƙarshe shi ne ƙofar gida. Kabewar da aka fara yankowa ba ta hawa rufi. Merle takan ajiye ta a kan matakala, ta zauna da gwangwanaye tana haɗa fenti, tana ɗiga wannan tana juya wancan, har sai launin ya zama ɗaya da bayan kabewar. Sannan ta shafe ƙofar. Athol kan wuce da kwandon itace ya ce, "Ai irin na bara ne." Ba ta ko ɗaga kai.

Haka suka yi ta yi har 'yarsu Bronwyn ta girma ta tafi birnin Hobart, har gashin Merle ya koma fari fat.

Sai mantuwa ta shigo. Da farko ƙananan abubuwa ne, ta sa buta a wuta babu ruwa, ta nemi tabaran da ke kan hancinta. Daga baya ta fara kiran Athol da sunan wanta da ya daɗe da rasuwa, wata ran ta gyara, wata ran ba ta gyarawa. Abu ɗaya ne ya rage mata cif: kowace safiya takan taka har bakin gada ta dubi ruwa, ta juyo, ta dawo gida da ƙafarta.

A kan wannan tafiyar Athol da 'yarsa suka tsaya. Bronwyn ta riga ta nemo wa uwarta wuri a wani gidan kula da tsofaffi a birni. Ba muguwa ba ce, tsoro ne ya cika ta.

"Baba, ba faɗa na zo yi ba. Amma ranar da Mama ta fita ta kasa gane gida, ranar zan zo in ɗauke ta. Ka yarda?"

"Na yarda," in ji shi, don a lokacin bai ga ranar tana zuwa ba.

Kaka biyu ta wuce ba a taɓa ƙofar ba, don Merle ta manta da ita. Fentin ya fara ɓarewa. A ta uku Athol ya yi komai shi kaɗai: ya yanko kabewa, ya hau tsani da bayan nan nasa, ya sauya labule duk da ya rataya ɗaya a juye. Da ya dubi ƙofar sai kunya ta kama shi. Ya shiga gari ya sayo gwangwanin shuɗi, mai kyau, mai sheƙi, ya shafe ta tas da yamma yana ta murna zai faranta mata.

Washegari Merle ta fita kamar kullum. Yana lambu yana tumɓuke busasshen wake ya hango ta tana dawowa. Ta tsaya a bakin shinge, ta dubi ƙofar, ta daɗe tana dubanta. Sai ta wuce.

Ya bi ta da gudu-gudu, ya sha gabanta.

"Merle, ina kuma za ki? Ga gida."

"Yi haƙuri, bawan Allah," ta ce da ladabi. "Gidanmu nake nema. Yana nan kusa, amma ban gan shi ba."

Da lallashi ya shigar da ita ta ƙofar baya. Ta zauna a bakin kujera da jakarta a cinya, irin zaman wanda ya zo gidan mutane. Athol ya tsaya a madafa yana riƙe da buta, ya rasa abin da zai yi da ita. Tsoro ya ji, irin wanda bai taɓa ji ba ko a ranar da birkin motar katako ya tsinke masa a gangare. Ranar Juma'a ce, Bronwyn kuwa duk Lahadi take zuwa, kuma shi ba mutum ne mai iya yi wa 'yarsa ƙarya ba.

Da safe ya sauko da kabewa ɗaya daga rufi ya ajiye a kan matakala. Ya tono tsofaffin gwangwanayen Merle daga ɗakin ajiya, waɗansu sun bushe kamar dutse. Ya zuba fari cikin shuɗi, ya ƙara baƙi, ya ƙara kore. Ya shafa a jikin katako ya kara da kabewar. Ko shi da ba shi da ido ya san bai yi ba. Ya sake, ya sake. Launin kullum sai ya fito a mace, kamar ruwan wanki. Rabin rayuwarsa yana wucewa ta gefen matar nan tana wannan aiki, bai taɓa tsayawa ya duba ba, ga shi yau yana ta zagin kansa a hankali.

Bai ji fitowarta ba. Inuwarta kawai ya gani a kan gwangwanin.

"Wa ya koya maka haɗa fenti?"

"Babu kowa."

"Ai na gani. Matsa."

Ya matsa. Merle ta zauna a kan matakala, ta karɓi sandar juyawa. Hannuwan nan da ba sa iya ɓalle maɓallin riga suka tsaya daram. Ta shafa bayan kabewar, ta sa farce ta ɗan kankare shi, har ruwan ɗorawa ya leƙo daga ƙarƙashi.

"Ka gani? Kai baya kawai kake kallo. Cikinta rawaya ne, kuma yana nunawa ta waje. Miƙo min wancan ƙaramin."

Ta ɗiga rawaya kaɗan, ta juya, ta sake ɗigawa. Da ta shafa a katako ta kara da kabewar, Athol ya kasa cewa ga inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara.

"Mijina ma haka yake," ta ce tana goge yatsu a siket. "Kullum sai ya ce irin na bara ne. Kada ka gaya masa na faɗa. Mutumin kirki ne, ido ne dai babu."

Athol ya janyo gwangwanin kusa da ƙofar. Ya ɗauki buroshi. Ita ta zauna tana ba da umarni, daga sama zuwa ƙasa, kada ya cika fenti, ya lura da gefen mariƙi. Ya bi duk abin da ta ce.

Ranar Lahadi motar Bronwyn ta iso Merle tana bakin gada. Athol ya gaya wa 'yarsa komai a tsaye a tsakar lambu, bai rage ba.

"Haba Baba," ta ce, idonta ya kawo ruwa. "To yanzu fa?"

"Yanzu sai mu tsaya mu gani. Na yi miki alkawari, ban janye ba."

Suka tsaya kusa da ɗakin ajiya, kabewoyi a jere a samansu. Can sai ga Merle tana tahowa a hankali, ganyayen da suka zubo suna ƙara a ƙarƙashin takalminta. Ta iso shinge. Ta dubi ƙofar. Ba ta ko tsaya ba, ta ɗaga sakatar shingen ta shigo, ta mayar ta rufe kamar yadda ta saba.

Bronwyn ta rufe bakinta da hannu.

A kan matakala Merle ta juyo ta hango Athol, da ɗigon fenti har yanzu a gashin hannunsa. Ta yi masa murmushi.

"A'a, mai fenti, ashe ba ka tafi ba? Aiki ya yi kyau. Shigo ka sha shayi, maigidan ma yanzu zai dawo."

"To, na gode," in ji Athol.

Ya hau matakalar da ya gina da hannunsa, ya cire takalmansa a bakin ƙofa, ya jira har ta ce masa ya zauna.