Zanar da Na Sa Aka Kafa a Bakin Kwari

Ɗana na fari shi ya share filin nan da hannunsa. Muna sababbin zuwa Kurudu a lokacin, yana leburancin gini, ni kuma ina suyar ƙosai a bakin hanya. A bayan wata gonar rogo ya ga fegi, ba komai a ciki sai ƙaya da fasassun kwalabe. Kullum ya taso daga aiki da la'asar, sai ya ɗauki fartanyata ya nufi can. Ya yi ta sara, ya yi ta kwasa, har wuri ya buɗe. Sannan ya sassaƙo itace ya kafa sandunan gola, gabas da yamma, ya tara 'ya'yan masu tura ruwa da masu faci da masu tallan rake, maza da mata, ya ce su zo su buga ƙwallo, ba a biyan komai. 'Yarsa tilo, jikata, ita ya tsayar a gola, don ya ce idonta ba ya ƙiftawa.

Shekara biyar yana wannan. A ta shida zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa.

Ranar sadakar bakwai, amininsa, wani mai shayi da ke taya shi koyar da yaran, ya durƙusa a gabana ya ce, "Inna, filin fa?"

Na ce, "Filin yana nan. Ku je ku buga."

Suka ci gaba da bugawa. Amma filin yana da ciwo. A gefen gabas, bayan gola, ruwan damina ya yi wa kansa hanya, hanyar ta zama rami, ramin ya zama kwari. Kowace shekara sai ya gutsuri filin ya tafi da shi. Ɗana yakan cika buhuna da yashi ya toshe. Da ya rasu, masu toshewar suka gaza, kwarin ya matso har saura taku kaɗan ya taɓa sandar gola.

Ana nan sai wani maƙwabcinmu ma'aikacin gwamnati ya zo da labari. Ya ce ƙaramar hukuma za ta ba da tallafi ga ƙungiyoyin wasanni na unguwa, irin waɗanda ba don riba suke yi ba. In muka dace, za a cike kwarin a gina wa ruwa magudana. Shi ya cike mana fom, na dangwala yatsa a matsayin uwar ƙungiya. Ya ce za a aiko wata jami'a ta ga wurin da idonta ranar Laraba.

To ni, a inda aka haife ni, ba a karɓar baƙo a kan datti. In tukunya ta fashe a ɗaki, sai a juya fasasshen gefen wajen bango. Uwata ta taɓa aro tabarma daga gida uku don baƙon yini ɗaya. Da haka na tashi, da haka na tsufa.

Na tara matan unguwa muka share filin tas. Muka aro raga da riguna masu lamba daga wata makaranta a Karu. Muka samo farar ƙasa muka ja layi, aka shafe sandunan gola da fenti. Da na juya na ga kwarin ya buɗe baki a bayan wannan kyan duka, sai kunya ta kama ni. Na aika aka aro zana takwas, na ce a kafa su a jere a rufe shi.

Mai shayi ya riƙe haɓa. "Inna, a rufe kuma? Ai shi za su zo gani."

"Filin ɗana za su zo gani."

"Inna, mutanen ofis ba surukai ba ne fa. In kin je asibiti, ɓoye ƙurjin kike yi?"

Matan suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na ce, "Yaushe aka haife ka? Kafa zana."

Ya sunkuyar da kai ya kafa.

Ranar Laraba jami'ar ta iso da hantsi, mace mai fara'a, da tabarau da takarda a hannu. Ta gaishe ni har ƙasa. Yara suka fito cikin rigunan aro suna sheƙi, suka buga, jikata ta kama ƙwallo uku, jami'ar ta tafa mata. Na sa aka kawo kunun gyaɗa da ƙosai mai zafi.

Ta ce, "Mama, wallahi kun yi ƙoƙari. Na zaga wurare da yawa, ban ga mai kyan wannan ba. A fom an rubuta zaizayar ƙasa. Har yanzu tana damunku?"

Na ji idon mai shayi a ƙeyata. Amma bakina ya riga ya saba da amsarsa tun ina yarinya. Na ce, "Alhamdu lillahi, Hajiya, da sauƙi. Sai godiya."

Ta nuna zanar da alƙalaminta. "Can fa?"

Na ce, "Wurin kewayawar mata ne."

Ta ce, "Ayya, to," ta kawar da kai, don ita ma 'yar mutunci ce. Ta yi rubutu ta tafi.

Bayan sati uku aka liƙa sunaye, babu namu. Maƙwabcinmu ya je ya tambayo. Aka ce masa an fara da waɗanda suka fi buƙata, mu kuwa an ga muna da raga da riguna da fili lafiyayye.

Ban faɗa wa kowa ba, na ɗauki mayafina na hau mota har ofishin. Na zauna a benci daga safe har azahar kafin ta fito. Na faɗa mata gaskiya duka, har da zanar. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Haba Mama. Me ya sa ba ki nuna mini ba? Don shi aka aiko ni."

Na ce, "Kunya, 'yata."

Ta ce, "An rufe na bana, ba ni da ikon buɗewa. Ku sake nema baɗi, ni da kaina zan zo, kuma kada a share ko tsinke." Ta rako ni har bakin titi.

Ruwa bai jira baɗi ba. A tsakiyar damina aka yi wani na kwana biyu ba ɗaukewa. Da ya tsagaita muka je, ni da jikata. Rabin filin ya tafi. Golan gabas ya rufta, sanda ɗaya ruwa ya wuce da ita, ɗayar kuma tana kwance a cikin taɓo, fentin da na sa aka shafa mata yana nan fari.

Jikata ta sauka cikin kwarin ta jawo ta. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma zarge ni ba. Da ma ta yi mini faɗa. Ta kama kai na kama gindi, muka ɗauko ta har gida.

Yaran sun watse. Manyan sun koma wani fili a Masaka, ƙananan kuma iyayensu ba sa barinsu su yi wannan nisa. Mai shayi har yau yana gaishe ni da ladabi, bai taɓa tayar mini da maganar ba.

Sandar tana jingine a bayan ɗakina. Akwai wurin da fentin ya ɓare, ana ganin sawun addar ɗana a jikin itacen. In zan yi alwala da asuba nakan ɗora hannu a wurin.